Kwanson Harsashi Ya Ba Da Shaida

A cikin watan Agusta na shekarar 1983 wata gobara ta tashi a kan waɗansu tuddai na jihar Montana, can arewa maso yammacin ƙasar Amurka. Lokacin zafi ne, ciyawa ta bushe ƙayau, ga kuma iska, saboda haka kafin a shawo kan wutar ta lashe eka wajen 600. Wurin nan kuwa ba daji ba ne kawai. Fagen yaƙi ne wanda ya shahara ƙwarai a ƙasar, watau Little Bighorn, inda shekara 107 kafin wannan gobara aka hallaka wani hafsa mai suna George Custer da dukan sojan da ke tare da shi.

Da wuta ta mutu, toka ta lafa, sai ma'aikatan wurin suka riƙa ganin abubuwan da ciyawa ta rufe tun zamanin kakanninsu: ga kwanson harsashi, ga maɓallin rigar soja, ga guntun ƙashi. Daga nan ne aka soma wani aiki wanda ya sauya yadda a ke binciken fagagen yaƙi a duniya, ya kuma nuna bambancin mai tono don neman sani da mai tono don cika aljihu.

Asalin Faɗan

Kafin Turawa su isa wannan yanki, ƙasar ta mutanen asali ce, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, ko da ya ke ba abin da ya haɗa su da ƙasar Indiya. Kabilu ne dabam-dabam, kowace da harshenta. Cikinsu akwai Lakota da Cheyenne, mahaya dawaki, waɗanda abincinsu da tufafinsu da tantunansu duk daga ɓaunar daji su ke samu. Duk inda garken ɓauna ya nufa, can su kan tashi su bi.

A shekarar 1868 Gwamnatin Amurka ta ƙulla alkawari da Lakota a barikin Laramie, ta bar musu ƙasa mai faɗi, har da waɗansu duwatsu da a ke kira Baƙaƙen Duwatsu, waɗanda su ke girmamawa ainun. Alkawarin bai daɗe ba. A 1874 Custer ya shiga duwatsun da soja, waɗanda ke tare da shi suka ga zinariya, labari ya bazu, mahaƙa suka kwararo dubu-dubu. A 1875 Gwamnati ta nemi a sayar mata da wurin, Lakota suka ƙi. Sai ta ba da umurni, ta ce duk wanda ran 31 ga Janairu, 1876, ta same shi bai koma inda aka keɓe musu ba, to, abokin gaba ne. Tsakiyar hunturu ne kuwa, ƙanƙara ta rufe hanyoyi, ko masu son komowa ba su da iko.

Da bazara ta yi sai waɗanda suka ƙi bin umurnin suka haɗu wuri guda, suka kafa sansani a bakin rafin Little Bighorn, wanda su su ke kira Ciyawa Mai Maiƙo. Babbansu shi ne Tatanka Iyotake, watau Bajimin Ɓauna A Zaune, wanda Turawa ke kira Sitting Bull. Cikin manyan jarumawansu akwai Crazy Horse da Gall. An kiyasta mutanen sansanin sun kai 7,000, mayaƙa a cikinsu tsakanin 1,500 da 2,000. A zamanin nan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne ke bisa gadon sarauta.

Ran 25 Ga Yuni, 1876

Gwamnati ta tura runduna uku daga fuskoki uku don su yi wa sansanin ƙawanya. Ta kudu, wadda Janar Crook ke ja, mayaƙan suka tare ta ran 17 ga Yuni a rafin Rosebud, suka tsai da ita. Custer bai sami wannan labari ba. Shi ne shugaban runduna ta 7 ta sojan doki, shekarunsa 36, ya yi suna tun yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, mutum ne mai gaggawa da son yabo. Yana da mutum sama da 600. An yi masa tayin manyan bindigogi masu ruwan harsashi ya ƙi, don ya ce za su rage masa sauri. Takubba ma an bar su a baya.

Da asubar ran 25 ga Yuni jagororinsa, 'yan kabilar Crow da Arikara, suka hango sansanin daga wani tsauni, suka gaya masa ba su taɓa ganin mai girmansa ba. Shi kuwa tsoronsa ɗaya, kada mutanen su watse kafin ya cim musu. Saboda haka ya raba rundunarsa. Ya tura Kyaftin Benteen da kamfani uku ya duba hagu, ya ba Manjo Reno kamfani uku ya faɗa wa sansanin daga kudu, ya bar kamfani ɗaya da alfadaran da ke ɗauke da harsashi, shi kuma ya ɗauki kamfani biyar, mutum wajen 210, ya bi bayan tuddai ya nufi arewa.

Reno ya kai hari wajen ƙarfe uku na rana, amma aka fi ƙarfinsa. Ya ja da baya cikin kurmi, daga nan ya ƙetare rafi a guje ya hau wani tudu, bayan ya yi hasarar mutane da yawa. Can Benteen ya same shi. Wani mai busa bigila, mutumin Italiya, ya riga ya kawo wa Benteen takarda daga Custer, wai ya zo maza da kayan harsashi. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da aka samu daga gare shi. Reno da Benteen suka haƙa ramuka a kan tudun nan, aka tsare su har maraicen kashegari, sa'an nan mutanen sansani suka kwashe tantunansu suka tafi.

Ran 27 ga wata Janar Terry ya iso da gudummawa. Mil huɗu daga tudun Reno aka tarad da gawawwakin Custer da mutanensa warwatse bisa tuddai, ba wanda ya tsira. Cikin matattu har da ƙannensa biyu, da ɗan 'yar'uwarsa, da mijin ƙanwarsa. Jimlar waɗanda suka mutu ta wajen Gwamnati 268. Aka tona musu 'yan ramuka, aka rufe su a gurguje inda kowa ya faɗi.

Labari Biyu

Labarin ya isa manyan biranen Amurka a farkon Yuli, daidai lokacin da a ke bikin cika shekara 100 da samun mulkin kai. Mutane suka kasa yarda a ce waɗanda su ke raina wa wayo sun ci sojansu da yaƙi. Tun da ya ke ba Baturen da ya ga ƙarshen faɗan ya rayu, sai kowa ya tsara nasa. 'Yan jarida suka rubuta cewa Custer ya tara mutanensa a kan tudu, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suka yi ta gwabzawa har harsashi ya ƙare. Masu zane suka zana shi tsaye da takobi a hannu, alhali kuwa ba takobi a wurin. Wani kamfanin giya ya buga irin wannan hoto ya rarraba gidajen sha ko'ina a ƙasar. Matarsa kuma, wadda ta rayu har 1933, ta rubuta littafi uku tana kare sunan mijinta. Waɗansu suka ce ai bindigogin soja ne suka ci amanarsu, wai kwanson harsashi ya riƙa maƙalewa in bindiga ta yi zafi, sai an sa wuƙa an ɓanɓaro shi.

Amma fa akwai shaidu, dubbai ma. Mayaƙan Lakota da Cheyenne sun ga kome da idonsu, daga baya kuma da yawa cikinsu sun ba da labari ta bakin tafinta. Suka ce da fari sojan sun tsaya da kyau a wani tudu na kudu, amma da aka afka musu sai tsarinsu ya rushe, suka ruɗe, suka yi ta gudu suna cunkushewa wuri guda, waɗansu ko harbi ba su yi ba, kuma abin bai daɗe ba. Marubutan tarihi da yawa suka yi watsi da wannan, suka ce maganganun suna saɓa wa juna. Haka aka zauna shekara ɗari da 'yan kai, an karɓi labarin waɗanda ba su gani ba, an ƙi na waɗanda suka gani.

Na'urar Gano Ƙarfe

Ita wannan na'ura sanda ce mai tsawon kamar ƙotar fartanya, a gindinta akwai wani abu mai faɗi kamar faifai. Cikin faifan akwai waya naɗaɗɗiya. In wutar batir ta bi ta cikin wayar, sai ta haifar da wani ƙarfi irin na maganaɗisu, wanda ke ratsa ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe, ko dalma, ko tagulla, sai yanayinsa ya sauya, na'urar ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Ƙaramin abu kamar harsashi ba ta cika jin sa ba in zurfinsa ya wuce ƙafa guda.

Cikin waɗanda suka fara gwada irinta akwai Alexander Graham Bell, wanda ya ƙago wayar tarho. A 1881 wani ya harbi Shugaban Amurka Garfield, likitoci suka kasa gane inda harsashin ya ke. Bell ya kawo na'urarsa, amma bai dace ba, domin gadon da Shugaban ke kwance a kai akwai wayoyin ƙarfe a cikinsa, likitoci kuma suka sa shi neman harsashin a gefen dama, alhali yana hagu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsa mutumin Folan, Jozef Kosacki, ya ƙera wadda soja ɗaya zai iya ɗauka don neman nakiyoyin da aka binne, aka yi aiki da ita a yaƙin El Alamein a ƙasar Masar a 1942. Bayan yaƙi aka sayar da ragowar a kasuwa, daga baya kamfanoni suka riƙa ƙera marasa nauyi masu araha. Nan da nan neman tsofaffin abubuwa a ƙasa ya zama abin sha'awar dubban mutane a Amurka da ƙasashen Turai.

Masana ilmin kufai ba su yi murna da wannan ba. A ganinsu na'urar kayan aikin ɓarayi ce, mai riƙe da ita kuwa ba shi da bambanci da mai fasa kabari. Su ma masu na'urar suna ganin masanan 'yan girman kai ne. A Little Bighorn ne aka fara haɗa su aiki guda babba.

Yadda Aka Yi Aikin

Bayan gobarar, shugaban ma'aikatan wurin ya gayyato wani ɗalibin ilmin kufai mai suna Richard Fox ya zo ya duba. Fox ya zaga, ya ga lalle akwai abin bincike, ya rubuta rahoto. A 1984 da 1985 aka yi babban aikin, a ƙarƙashin Douglas Scott, ma'aikacin hukumar da ke lura da wuraren tarihi na Gwamnatin Amurka. Scott ya san fagen yaƙi ba kamar kufan gari ba ne. A kufai kaya suna tare wuri guda, a tona rami a same su. A fagen yaƙi kuwa sun warwatsu mil bayan mil, ko shekara nawa aka yi ana tono da hannu ba za a gama ba. Saboda haka ya kira 'yan sa kai waɗanda suka gwanance da na'urar gano ƙarfe, ya ce su zo, amma bisa sharaɗinsa.

Ga yadda aka tsara. Masu na'ura su jeru sahu guda, tsakanin kowane da ɗan'uwansa taki kaɗan, su riƙa tafiya sannu suna shara da faifan dama da hagu, kamar masu shuka a gona. Duk inda na'ura ta yi ƙara, sai a kafa 'yar tuta, a wuce. Bayansu akwai masu tono, waɗanda za su buɗe ƙasa a hankali har abin ya bayyana, amma ba za su ɗaga shi ba. Sa'an nan safiyo ya zo da ma'auninsa, ya rubuta ainihin inda abin ya ke, da zurfinsa, in harsashi ne har da inda bakinsa ya fuskanta. Sai an gama wannan duka a ke ba shi lamba, a sa shi a jaka, a ɗiga alamarsa a taswira.

Da haka aka tara abubuwa dubbai: harsasai da kwansonsu, bakin kibau na ƙarfe, maɓallai, ƙaimi, ƙusoshin takalma, guntayen sirdi da linzami. Cikin abin da ya fi taɓa zuciyar ma'aikatan akwai wani ƙashin yatsa da aka samu da zobensa a jiki.

Abin Da Kwanson Ya Faɗa

In aka ja kunamar bindiga, akwai wata 'yar ƙusa da ke dukan gindin harsashi, ita ke tada albarushi. Kowace bindiga da irin tabon da ƙusarta ke bari a jikin kwanso, ba ya zama ɗaya da na wata, kamar yadda zanen yatsan mutum ba ya zama ɗaya da na wani. 'Yan sanda sun daɗe suna kama masu kisan kai da wannan dabara. Scott da abokan aikinsa suka aro ta, suka duba kwanson ɗaya bayan ɗaya da madubin likita, har suka iya cewa wannan da wancan daga bindiga guda suka fito. To, tun da ya ke an rubuta inda aka tsinci kowane, sai ya zama ana iya bin sawun bindiga ɗaya a taswira, a ga inda mai ita ya fara harbi, da inda ya matsa, da inda ya ƙare.

Abu na farko da ya bayyana shi ne yawan bindigogin Lakota da Cheyenne. Dā ana zato yawancinsu kwari da baka da kulki gare su. Sai ga shi an sami shaidar bindigogi iri-iri fiye da 40 a hannunsu, aka kuma kiyasta wajen 200 daga ciki masu ɗurin harsashi da yawa ne, irin su Henry da Winchester. Bindigar Henry tana ɗaukar harsashi har 16. Ta soja kuwa, watau Springfield, ɗaya-ɗaya a ke ɗura mata. Ta fi cin nisa, gaskiya ne, amma mayaƙan ba su tsaya nesa ba. Sun bi kwazazzabai da dogayen ciyayi da rarrafe har suka matso kusa, inda mai saurin harbi ke rinjaye. An sami wani wuri kusa da sahun soja inda kwanson Henry ya yi yawa ƙwarai, har ma'aikatan suka sa masa suna Garin Henry.

Na biyu, zancen maƙalewar kwanso ya faɗi. Cikin kwanson bindigogin soja da aka duba, waɗanda ke da alamar an ɓanɓaro su da wuƙa ba su kai 5 cikin 100 ba. Matsalar ta auku, amma ba ita ta ci su ba.

Na uku shi ne mafi girma. A tudun kudu, inda kamfanin Laftanan Calhoun, mijin ƙanwar Custer, ya tsaya, an sami kwanson soja a jere, alamar mutane sun yi sahu yadda aka koya musu, sun yi harbi bisa tsari. Daga nan zuwa arewa kuwa ba a sake ganin irin wannan jeri ba. Kwanson ya yi kaɗan, wuraren da gawawwaki suka faɗi kuma sun nuna mutane ne a guje, ko a cunkushe. An kuma sami kwanson bindigogin soja a wuraren da mayaƙan Lakota suka laɓe, watau sun ƙwace bindigogin waɗanda suka faɗi sun juya su a kan sauran. A 1993 Fox ya buga littafi, ya ce rundunar Custer tana cikin shirin kai hari ne aka afka mata, gefe guda ya karye, tsoro ya bi sauran kamar wutar daji. Mutum wajen 40 ne suka ƙare a kan tudun ƙarshe tare da Custer, sun harbe dawakinsu sun fake a bayansu. Wannan kuwa kusan shi ne abin da tsofaffin mayaƙan suka faɗa tun farko. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan gani ne ya gaskata jin da aka raina.

Ƙasusuwa Da Duwatsun Alama

A 1877 aka kwashe gawawwakin hafsoshi, aka kai ta Custer makarantar soja ta West Point. A 1881 aka tara ƙasusuwan sauran a kabari guda a kan tudun ƙarshe, aka kafa babban dutse. A 1890 aka kakkafa fararen duwatsu, wai kowane yana nuna inda soja ɗaya ya faɗi. Amma duwatsun sun kai 250, matattu kuwa wajen 210 ne. Da masu bincike suka tona gindin waɗansu da ke tsaye biyu-biyu, sai suka riƙa samun ragowar ƙashin mutum ɗaya kaɗai. Dalili kuwa, masu binnewa a 1876 ba su da isassun kayan haƙa, sai su kwarfo ƙasa daga dama da hagun gawa su rufe ta. Da aka zo bayan shekara 14, aka ga gurbi biyu, aka zaci kabari biyu ne.

Ƙananan ƙasusuwan da masu kwashewa suka bari sun ba da nasu labari. Yawancin sojan samari ne matalauta, da yawa baƙi daga Ailan da Jamus, haƙoransu sun lalace, ƙashin bayansu ya ci wuya saboda hawan doki. Kawuna da dama an fasa su da kulki, watau an ƙarasa masu rauni da hannu. Amma zancen da waɗansu mayaƙa suka yi, cewa sojan da yawa sun kashe kansu, ƙasusuwan da aka duba ba su goyi bayansa ba. Ƙasa ba ta yi wa kowa kara ba.

A wuri guda an sami guntun ƙashin fuska da haƙora waɗanda suka cinye ta gefe saboda riƙon lofe, tare da wani maɓalli wanda ba na rigar soja ba ne. Masana suka ce mai shi ya kai shekara 35 zuwa 45, kuma ruwa biyu ne. Mutum ɗaya ne cikin rundunar ya dace da wannan siffa, watau jagora Mitch Bouyer, wanda ubansa jinin Faransa ne, uwarsa kuwa 'yar ƙasa. Da aka ɗora hoton ƙashin bisa hotonsa, sai suka yi daidai. Bayan an gama bincike aka sake binne ƙasusuwan da girmamawa a maƙabartar soja da ke wurin.

Ɓarnar Masu Tsince-Tsince

Ba dukan masana ne suka yarda da maganar Fox ba, kuma babbar hujjarsu abin lura ce. Suka ce ƙarancin kwanso a tudun ƙarshe ba lalle ya nuna ba a yi harbi da yawa a can ba, domin nan ne baƙi suka fi zuwa, tun shekarun farko kuwa kowa ya zo sai ya tsinci wani abu ya tafi da shi don tunawa. Ba wanda ya rubuta abin da aka ɗauka, balle inda aka ɗauke shi. Saboda haka akwai tambayoyin da ba za a iya amsa su ba har abada, domin an sace shaidun.

Nan ne gaɓar maganar. Kwanson harsashi shi kaɗai ba kome ba ne, guntun tagulla ne wanda ko maƙeri ba zai saya da daraja ba. Darajarsa tana ga wurin da ya kwanta. Kamar littafin haraji ne: in aka yage shafi guda aka kai wani gari, sunayen na nan, amma ba mai sanin na wace unguwa ne. Mai tono don kansa ya kan sami abin ajiyewa a akwati ko na sayarwa, amma ya shafe layi guda daga tarihin jama'a duka, ba kuwa mai iya mai da shi.

Don haka Amurka ta yi doka a 1906, ta ƙara mai tsanani a 1979, wadda ta hana tonon kayan tarihi da suka wuce shekara 100 a ƙasar Gwamnati ko ta kabilun asali ba da izini ba. Wanda aka kama a kan ci shi tara, ko a ɗaure shi, a kuma ƙwace kayan aikinsa. Amma dokar ba ta shafi gonar mutum ta kansa ba. Filin da Gwamnati ke tsare da shi a Little Bighorn eka 765 ne kawai, faɗan kuwa ya mamaye abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Bayan wannan akwai haɗari. A 2008 wani mai tara kayan yaƙin basasa a jihar Virginia ya rasa ransa, sa'ad da wani tsohon harsashin igwa da ya ke gogewa ya fashe, bayan shekara fiye da 140 da ƙera shi.

A Jamus Da Ingila

Inda mai na'ura ya yi gaskiya, amfaninsa ba kaɗan ba ne. A 1987 wani hafsan Ingila mai suna Tony Clunn, wanda ke aiki a Jamus, ya tsinci tsofaffin kuɗin azurfa na Rumawa a wani wuri da a ke kira Kalkriese. Bai ɓoye ba, ya kai wa masanin kufai na lardin. A 1988 ya sami dalma guda uku irin wadda sojan Rum ke jifa da majajjawa. Da aka tona sosai, sai ga makamai da ƙasusuwa, har yawancin masana suka amince a yankin nan ne kabilun Jamus suka hallaka runduna uku ta Rumawa a shekara ta 9 bayan haihuwar Annabi Isa.

A Ingila kuma an daɗe ana nuna wa baƙi wani tudu a kan nan ne aka yi yaƙin Bosworth na 1485, inda aka kashe Sarki Richard na Uku. Daga 2005 wani masani mai suna Glenn Foard ya bi irin tsarin Little Bighorn da masu na'ura. A 2009 suka fara samun harsasan igwa na dalma, har suka tara fiye da 30, tare da wata 'yar alama ta azurfa mai siffar gursunu, wadda ita ce tambarin Sarkin. Ashe ainihin fagen yana wajen mil biyu daga inda a ke nunawa.

Bayan Yaƙi Da Bayan Bincike

Nasarar Lakota da Cheyenne ba ta ɗore ba. Gwamnati ta turo soja masu yawa, a 1877 ta ƙwace Baƙaƙen Duwatsu. Crazy Horse ya miƙa wuya a watan Mayu na wannan shekara, aka kashe shi a bariki a watan Satumba. Sitting Bull ya gudu Kanada, yunwa ta komo da shi a 1881, aka kashe shi a 1890. A 1980 babbar kotun Amurka ta yanke hukunci cewa an karɓi duwatsun ba bisa ƙa'ida ba, ta ce a biya diyya fiye da dala miliyan 100. Lakota suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu su ke so.

A fagen yaƙin kansa an sami sauyi. A 1991 majalisar ƙasa ta cire sunan Custer daga wurin, ta mai da shi Little Bighorn. Daga 1999 aka soma kafa jajayen duwatsu a inda mayaƙan Lakota da Cheyenne suka faɗi, a 2003 kuma aka buɗe musu nasu wurin tunawa kusa da kabarin sojan. Duk da haka ƙasa ba ta ba da dukan abin da ta riƙe ba. Waɗanda suka binne matattu a 1876 sun ce sun rufe mutum 28 a cikin wani kwazazzabo mai zurfi da ke gangarowa rafi. Masu bincike sun bi shi da na'ura, sun haƙa ramuka, ba su same su ba. Ana jin ruwan sama na shekaru masu yawa ya jibga musu ƙasa, sun yi zurfin da na'ura ba ta kaiwa. Suna nan kwance a filin da doka ta tsare, inda ba mai ikon taɓa su sai da izini, da ma'auni, da alƙalami a hannu.